Ranar Jarrabawa, 'Yata Tana Waƙa a Bakin Ƙofa

Yau da safe na rufe shago, na sa rigata ta fita kunya, na taka da ƙafa har makarantar su 'yata domin in tafa wa mutanen da suka cuce ni. Kuma na tafa ɗin, jama'a, har tafin hannuna ya yi ja. Da ƙafa na je saboda babur ɗina yana layin mai tun shekaranjiya. Na bar shi a hannun wani bawan Allah da muka saba a layin, wanda yanzu na fi sanin damuwar gidansa fiye da ta ƙanena. Amma ba zancen mai ya kawo ni yau ba. Shi mun saba, ya zama ɗan gida.

Ga wanda bai san ni ba, tela ne ni. Keke ɗaya, teburin yanka ɗaya, da dutsen guga na gawayi, don wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu. Ina da 'ya a aji shida, muna ce mata Kanari, saboda tun kafin bakinta ya buɗe sosai take rera waƙa. Yau ce ranar Jarrabawar Bai-ɗaya, wadda duk ɗan aji shida yake zaunawa ya yi a rana ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, a shafe gurbin amsa da fensir a miƙa wa inji ya duba. Wanda ya ci ya wuce sakandare. Wanda bai zauna ba sai ya maimaita aji, ko ya zauna gida ya taya uwarsa wanke-wanke.

Wannan jarrabawa, kamar yadda kuka sha ji a rediyo, ƙirƙirar babban jami'in iliminmu ce, Mai Girma Uban Awo, Ma'aunin Ƙwaƙwalwar 'Ya'yan Talakawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Da bakinsa ya ce an kawo ta ne don a gano yaron da aka bari a baya, a kamo hannunsa a jawo shi gaba. Ranar da na ji maganar ina kan keke, sai da na ɗaga ƙafa na ce madalla. Ni mai awo ne, ba wanda zai koya mini amfanin awo.

Makon jiya Kanari ta shigo shago da gudu, jakarta tana dukan bayanta.

"Baba, an zaɓe ni cikin 'yan tarba. Mai Girma zai zo makarantarmu ranar jarrabawa, mu za mu yi masa waƙa. Ni ce ma mai bayarwa."

Na ce, "To jarrabawar fa?"

"Hedimasta ya ce mu za a yi mana tamu daga baya. Ta musamman."

Kun san talaka da kalmar nan ta musamman. Ba kullum take biyowa ta layinmu ba, saboda haka in ta biyo ba ma tambayarta daga ina take. Na ture ɗinkin mutane gefe, na yanka mata sabuwar rigar makaranta, na yi mata aljihu biyu maimakon ɗaya. Uwarta ta zauna ta yarfa mata kitso. Duk wanda ya shigo shago a makon nan, ko zare ya zo aro, sai ya fita da labarin cewa 'yar tela ce za ta ba da waƙa a gaban manya.

Da na isa makarantar sai da na tsaya na tabbatar ban yi ɓatan kai ba. An shafe katangar da fenti, amma iya fuskar da take kallon titi. An jera tukwanen furanni a bakin ƙofa, kuma na gane biyu daga ciki, na gidan mai ɗakin hoto ne. Ramin nan da ke gaban ofis, wanda ya sha cinye takalman yara, an cike shi da yashi an shimfiɗa masa darduma. Ajujuwa a rufe, shiru kake ji, masu jarrabawa suna ciki. A waje kuma ga 'yan tarba an jera su a rana, kowa da tutar takarda a hannu, Kanari a gaba cikin sabuwar rigarta.

Na shiga cikin iyaye na tsaya. Ashe kusa da maƙwabcina Mai Faci na tsaya, shi ma ya wanke hannu ya sa ta fita kunya.

"Tela, ka ga nawa can a ƙarshe, mai riƙe da tuta a juye."

Na ce, "Ashe shi ma yana taɓa waƙa?"

"Waƙa? Yaron da in ya kira uwarsa daga ƙofar gida kaji suke watsewa? Ni ma abin da nake ta juyawa a raina ke nan tun da na zo." Ya matso ya rage murya. "Duba layin nan da kyau. Ina 'yar Mai Kemis? Ba ita take ba da waƙa kullum da safe in an yi taro ba?"

Na duba, babu ita.

"Tana ciki tana shafe amsa. Ita take zuwa ta ɗaya. Yanzu bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk irin nawa ne, waɗanda in an kawo sakamako daga ƙasa ake fara neman sunansu don kada a ɓata lokaci."

Na ce, "Ban da tawa. Ita don murya aka ɗauke ta."

Ya dube ni kamar yadda yake duban tayar da mai ita ya rantse ba ta da huji. Ya ce, "Allah ya sa."

Wannan "Allah ya sa" ita ta hana ni tsayuwa. Na ratsa ta gefen tukwanen aro na faɗa ofishin Hedimasta. Na same shi cikin kwat sabo fil, gumi yana bin wuyansa, yana goge wani kofin azurfa da hankici. Teburinsa ƙafa uku ne da bulo, amma an lulluɓe shi da farin yadi har ƙasa.

Muka gaisa. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni ƙarama. Jarrabawar nan ta musamman da za a yi wa 'yan tarba, yaushe ce?"

Ya ci gaba da goge kofi. "Daga baya."

"Daga bayan, yaushe?"

Ya ajiye kofin, ya leƙa taga, ya turo ƙofa. "In Allah ya kai mu baɗi."

"Wato 'yata za ta maimaita aji."

"Za ta ƙara ƙwari."

Raina ya ɓaci matuƙa. Amma na danne, don a ofishin mutane nake. Na ce ya yi mini bayani yadda ɗan tela zai gane. Ya kuwa yi. Ashe ba yara kaɗai ake aunawa ba. Ana tattara makin kowace makaranta a raba, a jera makarantu daga sama zuwa ƙasa, a karanta a rediyo. Wadda ta zo sama a ba ta kofi da kujeru. Wadda ta zo ƙasa a ɗauke shugabanta a tura shi inda hanyar mota take ƙarewa. Saboda haka duk shekara, kafin a aika sunayen masu zama, sai a zauna a tsince yaran da ake tsoron za su jawo makin ƙasa. Bara shara aka sa su. Bana Allah ya kawo babban baƙo, sai aka samu aikin da ya fi shara mutunci.

Na ce, "Malam, ni a sana'ata na san irin wannan. Mutum ya zo ɗinkin wando, ka zagaya tef a ƙugunsa, sai ya haɗiye tumbi ya riƙe numfashi don kada lambar ta ba shi kunya. Ranar karɓa maɓalli ya ƙi rufuwa. Wa ya cuta? Abin da kuke yi ke nan, kuna haɗiye tumbi."

Na ɗauka na gama da shi. Sai ya zauna a kan kujerarsa ya dube ni.

"Tela, in ka auna mutum ka samu tumbinsa ya yi girma, korarka ake yi daga shago?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ni korata ake yi. Ajin 'yarka, yara sun haura ɗari, malama ɗaya. Na rubuta a ƙaro malamai har hannuna ya gaji. Ka san abin da aka aiko mini? Fenti. Ina da iyali a garin nan, mahaifiyata ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ka ce in yi yaya?"

Na so in tsane shi, wallahi na so, don da ya fi mini sauƙi. Amma mutum ne a zaune cikin kwat ɗin da ko hannunsa ba a rage ba, yana tsoron abin da ya fi shi ƙarfi. Na ce to, ya buɗe mata ƙofa yanzu ta shiga, ko rabin lokaci ne ta samu. Ya ce takardun a ƙirge suke zuwa cikin ambulan mai hatimi, kowace da lambar mai ita, kuma Kanari ba ta da lamba. Mai tsaron jarrabawar ma daga waje aka turo shi, ba ya karɓar roƙo.

Na ce, "Amma 'yata ba ta cikin na ƙasa. Kullum takardarta ta ƙarshen zango cewa take ta yi ƙoƙari."

Ya ce, "Kowa haka muke rubuta masa. Ka je gida ka ba ta abin da ba ta taɓa ji ba, ka ce ta karanta maka."

Kafin in ba shi amsa sai jiniya ta cika unguwa. Ya zabura ya gyara wuyan kwat ya fice, ya bar ni da kofi.

Mai Girma ya iso ne lokacin da masu jarrabawa suka kusa tashi, yaran tarba kuwa sun gasu har tutocinsu sun lanƙwashe. Motoci suka yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba. Na tsaya ina kallonsu ina jin daɗi, don aƙalla yanzu na san inda man garin nan ya tafi, hankalina ya kwanta ba ɓata ya yi ba. Wata motar jaka ɗaya kawai ta ɗauko. Wata kuma babu kowa a ciki sai lema.

Ni na fito daga ofis da niyya. Na ce yau sai na tsaya gaban kyamarorin nan na fasa ƙwai, kowa ya ji. Na tsara maganar a bakina, har da inda zan nuna da yatsa. Sai Kanari ta ɗaga murya.

Jama'a, 'yata ta iya waƙa. Ba don tawa ba ce. Wurin ya yi tsit, har direbobi suka sauke gilashi. Tana rerawa idonta yana yawo cikin iyaye, tana nemana. Da ta gan ni sai fuskarta ta washe, ta ƙara ɗaga murya. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a lokacin nan ba. In na yi ihu, a gaban ƙawayenta za ta ji dalilin da ya sa aka tsayar da ita a rana. Sai maganar da na tsara ta narke, hannuwana suka ɗaga da kansu. Tafin da na ba ku labari ke nan.

Mai Girma ya tako a hankali, mai lema yana biye. Ya dafa kan Kanari, ya juya wajen kyamara ya ce, "Ga irin yaran da tsarinmu yake fitarwa." Aka sake tafi. A nan dole in yaba wa zurfin tunaninsa. Mutum ya ƙirƙiro jarrabawa don ya gano yaran da aka bari a baya, aka tattaro masa su kaf, aka jera masa su a bakin ƙofa da tuta a hannu don kada ya wahala wajen nema, ya bi ta tsakiyarsu yana murmushi, kuma bai tambayi ko ɗaya ba me ya sa ɗan aji shida yake waje ranar jarrabawar aji shida. Wannan ba ƙaramin kamun kai ba ne. Ƙaramin mutum irina da tuni ya yi tambaya ya ɓata taro.

Ya leƙa aji ɗaya ta taga, ya gyaɗa kai. Sannan ya hau kan dardumar da ta rufe ramin ya yi jawabi. Ya ce bara duk yaron da ya zauna jarrabawa a makarantar nan ya ci, ba a samu faɗuwa ko ɗaya ba. Ya ce sauran makarantu su zo su koyi sirrin. Mai Faci ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Za su zo kuwa. Baɗi kowace makaranta sai ta kafa ƙungiyar mawaƙa."

Ni ma ina da shawara, tunda an buɗe ƙofar koyi. A kai tsarin nan asibiti. Ranar da babban likita zai zo zagaye, a kwashe masu zazzaɓi da masu tari a ba su tuta su tsaya a bakin ƙofa, a kwantar da masu lafiyar da suka zo jinyarsu a kan gadaje a auna su. Kafin shekara ta zagayo za a karanta a rediyo cewa an kawar da ciwo. A kai shi gidan mai ma. A ƙirga waɗanda suka samu kawai, mu na layi a ce 'yan tarbar tanka ne.

A hanyar komawa Mai Faci ya ce shi a ganinsa a soke jarrabawar baki ɗaya kowa ya huta. Na ce a'a. Ni ban ga laifin tef ba. In babu awo, da me zan san ko abin da ake zuba wa 'yata a makaranta yana zama? Laifin na wanda ya ɗaura wa awo bulala ne, har mutane suka koma tsoron gaskiyar da aka ce a nemo. Kuma wane irin tela ne yake bari sai ya gama ɗinki ya goge, sannan ya ɗauko tef? In da gaske neman na baya ake yi, tun a aji biyu ya kamata a auna, a auna a nitse ba tare da rediyo ba, sannan a aiko da malami maimakon fenti. Mai Faci ya ce in tsaya takara. Na ce ba ni da lema.

Da la'asar na aika aka aro mini takardar tambayoyi a wurin 'yar Mai Kemis, don ita ana barin yara su fito da ita. Na kira Kanari shago. Ta zo tana tsalle, har yanzu rigar tana jikinta, ta ƙi cirewa. Na share ƙyallaye daga teburin yanka, na shimfiɗa takardar.

"Karanta mini ta farko."

Ta ɗora yatsa. Ta kama kalmar farko da ƙyar. Ta biyu ta tsaya tana motsa leɓe, ta ɗago ta dubi fuskata, ta faɗi wata kalma da babu ita a wurin, ta sake dubana ko ta dace. A ta uku yatsan ya tsaya cak.

Wannan yarinya ce da take ɗauko littafin makaranta da yamma ta zauna a bakin ƙofa ta karanta shi tiryan-tiryan, har uwarta tana kiran maƙwabta su ji. Na ɗauko littafin daga jakarta na buɗe tsakiya. Ta dubi hoton da ke shafin, sai ta kama zubowa kamar famfo, idonta ma ba ya kan rubutun.

Na ce, "Kanari, yaya kuke karatu a aji?"

"Malama ta faɗa, mu duka mu maimaita. In na ji sau biyu shi ke nan, ya zauna." Ta sunkuyar da kai. "In wani ya fara faɗa, Baba, ina iya bi."

Shekara shida 'yata tana haddace littattafai da kunne kamar waƙa, cikin muryoyi ɗari, kuma takarda tana zuwa gida tana cewa ta yi ƙoƙari. Ai kuwa ta yi. Abu ɗaya a duk tsarin nan da aka gina don ya zaunar da ita ita kaɗai da takarda, ya faɗa mana gaskiya, shi ne jarrabawar yau. Ita ce kuma aka hana ta shiga.

Ta rufe littafin. Sannan ta ce, "Baba, ba don muryata aka zaɓe ni ba ko?"

Na ce, "Muryarki ta fi ta kowa a makarantar nan."

"Na sani. Amma ba don ita ba ne."

Ban iya yi mata ƙarya ba. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shiga gida, ta sake kaya, ta dawo da sabuwar rigar a ninke ta ajiye a kan teburin yanka inda masu kawo gyara suke ajiye nasu. Na jawo ɗan benci kusa da keke, na ce daga gobe nan ne wurin zamanta bayan makaranta, za mu fara daga baƙaƙe, ni da ita, ba mai faɗa wani ya maimaita. Ta ce to. Sakandare dai bana ta wuce mu, ƙawayenta za su tafi su bar ta.

Ɗazu ina wannan rubutu uwarta ta tsaya a kaina, ta leƙa ta ga sunan.

"Haba Baban Kanari. Jarida za ka kai ta? Duniya ta karanta? Ka cire, in yarinyar nan ta gani kunya za ta kashe ta."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ko a ƙarƙashin matashinta aka ajiye jaridar ba abin da zai faru. Wannan kam makaranta ta riga ta yi mana maganinsa.